Tallafin inshorar lafiya a Ostireliya: kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa?

Kowace shekara gwamnatin tarayyar Ostireliya tana fitar da kimanin dala biliyan 7 na kuɗin ƙasar don ta biya wa mutane wani kaso na inshorar lafiyar da suke saya a hannun kamfanoni masu zaman kansu. Ana yin haka ne a ƙasar da kowane ɗan ƙasa yake da haƙƙin ya kwanta a asibitin gwamnati, a yi masa magani ko tiyata, ya tashi ya tafi gida ba tare da an karɓi ko sisinsa ba. Hujjar da ake kafawa mai daɗin ji ce: duk wanda ya sayi inshora zai nufi asibitin kuɗi, ya bar wa marar hali gado da layi a asibitin gwamnati, baitulmali kuma ya huta da ɗawainiyarsa. Wai abin da aka kashe a tallafi zai dawo ta ƙofar baya, har da riba. Shekara 25 ke nan da 'yan kai ana gwada wannan magana a aikace, kuma abin da ya bayyana ya cancanci duk mai tunanin yadda za a raba kuɗin lafiya tsakanin gwamnati da 'yan kasuwa ya tsaya ya dube shi da kyau.

A watan Fabrairun 1984 gwamnatin Bob Hawke ta kafa Medicare, tsarin da ake ɗaukar nauyinsa da haraji, wanda ya buɗe asibitocin gwamnati ga kowa kyauta. Da mutane suka ga haka sai suka fara sakin inshorar kamfanoni. A lokacin kusan rabin jama'a ne ke da inshorar kwanciya asibiti, amma zuwa ƙarshen 1998 adadin ya gangaro zuwa kimanin kashi 30 cikin 100. Waɗanda suka riƙa ficewa kuwa galibi matasa ne masu ƙoshin lafiya. Dokar ƙasar ta hana kamfani ya tsauwala wa mutum farashi don yana da ciwo, saboda haka zubin masu lafiya, wato kuɗin inshorar da suke biya, shi ne ke ɗaukar nauyin masu jinya. Masu lafiya na fita, zubi na tashi, tashinsa kuma na ƙara korar wasu.

Gwamnatin John Howard, wadda ta hau mulki a 1996, ta ɗauki matakai uku. A 1997 ta ɗora wa masu samun kuɗi da yawa ƙarin haraji na kashi 1 cikin 100 idan ba su da inshorar asibiti. Ranar 1 ga Janairun 1999 ta fara biya wa kowa kashi 30 cikin 100 na zubinsa, mai kuɗi da talaka, ba tantancewa. Sai kuma Yulin 2000, da ta ce duk wanda ya wuce shekara 30 bai shiga inshora ba, ranar da ya zo shiga za a ƙara wa zubinsa kashi 2 cikin 100 a kan kowace shekarar da ya yi jinkiri, har zuwa kashi 70.

Wanne ne a cikin ukun ya motsa mutane? Jerin lokutan da kansa ya ba da amsa. Bayan shekara guda cur ana rabon tallafin kashi 30, masu inshora ba su wuce kashi 32 ba. Amma da wa'adin ƙarin farashin nan ya ƙarato, aka cika talabijin da tallar gwamnati ana cewa kowa ya yi maza ya shiga kafin a rufe ƙofa, cikin 'yan watanni adadin ya haura kashi 45 a watan Satumban 2000. Matakin da bai ci wa baitulmali komai ba in ban da kuɗin talla, shi ne ya tara jama'a. Wanda ya fara lashe sama da dala biliyan 2 a shekara tun farkon shekarun 2000 kuwa, ɗan abin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba.

Masu kare tallafin suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa kafin 1999 adadin faɗuwa yake yi kowace shekara, tallafin ne ya tsayar da faɗuwar, sannan da ba a sauƙaƙa farashi ba da barazanar 2000 ba ta yi tasiri haka ba. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ko an ba su wannan, matsalar da ke gindin al'amarin tana nan daram. Tallafin bai san sabon shiga da tsohon hannu ba. A cikin kowane mutum ɗari, talatin sun riga sun sayi inshora tun kafin wannan tallafin ya zo. Ranar da aka fara tallafi, waɗannan talatin ɗin ne suka fara karɓa, alhali ba gado ɗaya da suka ƙara saki a asibitin gwamnati, don da ma can ba su kan layi. Kamar a rage kuɗin taki ne don a faɗaɗa noma, sai mafi yawan buhunan su tafi wurin manoman da ko babu ragi za su saya: kuɗi ya fita, gona ba ta ƙaru ba. Abin da ya kamata a auna shi ne nawa aka kashe gaba ɗaya, a raba shi a kan waɗanda tallafin ne kaɗai ya jawo su. Idan aka yi wannan lissafi, kowane sabon mai inshora yakan tsaya wa gwamnati da tsada ƙwarai.

Masana sun yi lissafin ta fuskoki daban-daban. Terence Cheng, masanin tattalin arzikin lafiya a Jami'ar Melbourne a lokacin, ya wallafa bincike a 2014 inda ya tambaya: idan aka rage tallafin, wasu suka saki inshora suka dawo asibitin gwamnati, nawa za a ƙara kashewa a kansu? Ya gano cewa kuɗin da za a tsimi daga rage tallafin ya ninka ƙarin ɗawainiyar asibitocin gwamnati kusan sau biyu da rabi. Dalili shi ne mutanen da ke sayen inshora a can ba farashi ne ke juya su sosai ba. Masu hali ne, ko tsofaffi masu tsoron jira, ko waɗanda haraji ya tilasta. A watan Afrilun 2005 an ƙara wa 'yan shekara 65 zuwa 69 tallafi zuwa kashi 35, 'yan 70 zuwa sama kuma kashi 40. Binciken da ya bi diddigin wannan ƙari ya nuna bai jawo sababbin masu inshora da za a ce a zo a gani ba. Tsofaffin da ke ciki ne suka sami rangwame.

To, a ce ma mutum ya shigo saboda tallafin. Shin gwamnati ta rabu da ɗawainiyarsa ke nan? A nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne aka fi yin kuskure a muhawarar.

Ɗauki wata dattijuwa mai inshora da za a canja wa gwiwa a asibitin kuɗi. Bayan an sallame ta, takardun biya za su fara zuwa: na likitan tiyata, na mai ba da maganin barci, na gwajin jini da hoto. A kan kowane aikin likita akwai farashin da gwamnati ta tsara, kuma Medicare ce ke biyan kashi 75 cikin 100 na wannan farashi ko da a asibitin kuɗi aka yi aikin. Kamfanin inshora ya cika sauran 25, ya biya kuɗin gado da ɗakin tiyata da gwiwar ƙarfen. In likita ya caji fiye da farashin gwamnati, abin da kamfani bai rufe ba dattijuwar ce za ta ciro daga aljihunta. Magungunan da za ta ci gaba da sha a gida, akasarinsu gwamnati ce ke sassauta farashinsu ta tsarin tallafin magunguna na ƙasa. Likitan unguwa da ya fara tura ta, shi ma Medicare ce ta biya shi, domin doka ba ta yarda kamfanonin inshora su biya kuɗin ganin likita a wajen asibiti ba. Ka ga ke nan gwamnati ta biya kason zubinta, ta kuma biya kaso mai tsoka na jinyarta. An sami sauƙi, babu musu, tunda da a asibitin gwamnati aka yi da duka nauyin na baitulmali ne. Amma sauƙin bai kai yadda ake zato ba.

Yanzu a ce dattijuwar nan ce zuciyarta ta buga da tsakar dare. Motar ɗaukar marasa lafiya, a mafi yawan lokuta, babban asibitin gwamnati za ta nufa da ita, inshora ko ba inshora, saboda can ne ake da sashen gaggawa mai cikakken kayan aiki da ƙwararru dare da rana. Haɗarin mota mai muni, ƙuna mai tsanani, dashen gaɓoɓi, jariran da aka haifa bakwaini ƙwarai, majinyaci mai cututtuka huɗu ko biyar a haɗe, duk can suke ƙarewa. Asibitocin kuɗi sun ƙware ne a aikin da ake sa wa rana: yanar ido, gwiwa, ƙugu, leƙa hanji da na'ura, ayyukan da da yawansu a yini guda ake gamawa. Suna yin kusan kashi biyu cikin uku na irin wannan tiyata a ƙasar, kuma wannan ba ƙaramar gudummawa ba ce. Sai dai abin da ya fi cinye kuɗin asibitin gwamnati, wato gaggawa da jinya mai sarƙaƙiya, yana nan inda yake.

Akwai kuma mai inshorar da ko an sa masa rana, asibitin gwamnati zai je. Babu dokar da ta tilasta masa amfani da inshorarsa. Idan aka kwantar da shi, ma'aikaci zai kawo masa takarda ya zaɓa: a ɗauke shi majinyacin gwamnati, ko majinyacin inshora. Da yawa sukan zaɓi na farko don gudun cikon da za su biya daga aljihu. Wannan mutum an tallafa wa zubinsa shekara da shekaru, ranar da ciwo ya zo kuma baitulmali ne ya ɗauki nauyinsa baki ɗaya.

Ƙarin harajin nan na 1997 ya haifar da wani nau'in mai inshora na daban. A shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025, wanda ba shi da iyali kuma yake samun sama da dala 97,000 yana biyan ƙarin in ba shi da inshorar asibiti, daga kashi 1 zuwa 1.5 gwargwadon samunsa. A waccan shekarar, matashi mai samun dala 100,000 zai ga dala 1,000 ce za ta tafi a haraji. Sai ya duba kasuwa ya tarar da inshora mafi araha, wadda farashinta bai yi nisa da wannan ba, ya saya don ya tsira. Irin wannan inshora kusan ba ta rufe komai a asibitin kuɗi, har 'yan ƙasar suna kiranta inshorar shara. Tun Afrilun 2019 aka kasa inshorar asibiti gida huɗu, zinariya, azurfa, tagulla da ta tushe, don mai saye ya san abin da ya saya, amma ba a hana sayar da ta ƙasan ba. A lissafin hukuma wannan matashi mai inshora ne. A lissafin baitulmali kuwa an yi asara biyu: harajin da zai biya ya tafi, tallafi ya bi shi, sannan in ya kwanta ciwo gadon gwamnati zai hau.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne tallafin bai tsaya kan inshorar asibiti ba. Ya haɗa da inshorar ƙananan hidimomi, irin su haƙori, tabarau da gashin ƙashi. Waɗannan abubuwa ne masu amfani, amma ba su da alaƙa da rage cunkoso a ɗakin tiyata. Har zuwa Afrilun 2019 ma kuɗin jama'a na tallafa wa inshorar da ke biyan wasu hanyoyin magani 16 da binciken gwamnati ya ce babu gamsasshiyar hujjar suna aiki, kafin a cire su. Sannan ba duk abin da aka zuba wa kamfani ne ke komawa magani ba. Kimanin kashi 85 cikin 100 ne ke komawa, sauran na tafiya a gudanarwa, talla da riba. Medibank, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin biyu tare da Bupa, mallakar gwamnati ne a da, aka sayar da shi a kasuwar hannun jari a 2014.

Saura batun layi, wanda shi ne ya fi taɓa talaka. A ganina nan ne hujjar tallafin ta fi rauni. Ana magana kamar gado ne ya yi ƙaranci, alhali sau da yawa hannu ne. Likitan ƙashi ɗaya ne ke aiki a asibitin gwamnati wasu ranaku, a asibitin kuɗi sauran ranakun, kuma a na biyun ya fi samu nesa ba kusa ba. Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, likitan da ake gani da safe a asibitin koyarwa, da yamma a same shi a nasa. Idan aka ƙara wa ɓangaren kuɗi ciniki, majinyaci ya bar layin gwamnati, amma sa'o'in likita da na ma'aikatan jinya su ma sun bi shi. Horar da ƙwararren likitan tiyata kuwa aikin shekara goma ne ko fiye, ba a samar da shi da sanarwar kasafin kuɗi. Stephen Duckett, wanda ya taɓa riƙe babban sakataren ma'aikatar lafiya ta tarayyar Ostireliya, ya nuna a 2005 cewa fannonin tiyatar da ɓangaren kuɗi ya fi yawa a cikinsu, su ne jiran asibitin gwamnati ya fi tsawo. Wani bincike na baya-bayan nan daga Jami'ar Melbourne, a kan asibitocin jihar Victoria, ya gano cewa ƙarin kashi 1 na masu inshora yana rage jira da abin da bai kai rabin yini ba, a layin da ake shafe makonni ko watanni. Wanda ya kwana yana juyi da ciwon ƙugu, wannan ragi bai isa ya ji shi a jikinsa ba.

Kuma ba kowace jinya da aka yi a asibitin kuɗi ce da ma za a yi ta a na gwamnati ba. Mai inshora yakan fi saurin zuwa, likitan da ake biya a kan kowane aiki yakan fi saurin yi. Wani ɓangare na aikin ƙari ne a kan abin da ake yi da, kuma Medicare na biyan kasonta a kai. Amurka ta ga irin wannan ta wata fuska: tsofaffin da suka sayi ƙarin inshora a kan Medicare ta can sun fi yawan zuwa asibiti, sai kashe kuɗin gwamnati a kansu ya ƙaru.

Ba Ostireliya kaɗai ta gwada ba. Birtaniya ta fara yi wa 'yan sama da shekara 60 rangwamen haraji a kan inshorar kuɗi a 1990, ta soke shi a 1997, kuma nazarin da aka yi bayan sokewar ya nuna abin da aka tsimi ya fi ƙarin nauyin da ya faɗa wa asibitocin gwamnati. Sifaniya ta soke nata rangwamen na kashi 15 a 1999, aka sami sakamako mai kama da wannan. Ireland ta sa wa nata iyaka a 2013. Afirka ta Kudu na ci gaba da bai wa masu inshorar kuɗi rangwamen haraji, alhali ba su wuce kimanin kashi 16 cikin 100 na jama'a ba, batun da ya shiga tsakiyar taƙaddamar dokar inshorar lafiya ta ƙasa da shugaban ƙasar, Cyril Ramaphosa, ya sa wa hannu a Mayun 2024.

Akwai tambayar adalci da ba zan iya tsallakewa ba. Asibitocin kuɗi a Ostireliya sun taru ne a manyan birane, Sydney, Melbourne, Brisbane, Perth, Adelaide. Mazaunin ƙauye mai nisa, da 'yan asalin ƙasar waɗanda suka fi kowa fama da ciwon suga da na ƙoda kuma suka fi gajeriyar rayuwa, su ne suka fi ƙarancin inshora, don ko sun saya babu inda za su kai ta kusa. Suna biyan haraji kamar kowa, harajin kuma yana sassauta wa mazauna unguwannin masu hali zubi.

Gwamnatocin da suka biyo baya sun rage kaifin abin ba tare da sun soke shi ba. Daga Yulin 2012 gwamnatin Julia Gillard ta fara duba samun mutum: masu samu da yawa aka rage musu, na can sama aka cire su gaba ɗaya. Kamfanoni sun yi ta gargaɗin cewa jama'a za su gudu, asibitocin gwamnati su cika su batse. Hakan bai faru ba. Adadin masu inshorar asibiti ya tsaya a wajen kashi 47 har zuwa 2015, ko da yake mutane da dama sun sauka zuwa inshora mai rahusa. Daga 2014 kuma aka daina barin tallafin yana bin tashin zubi kai tsaye, sai ya riƙa zaizayewa a hankali daga kashi 30 zuwa ƙasa da 25 a yau. Adadin masu inshora ya ɗan sauka zuwa wajen kashi 44 kafin annobar korona, ya sake komawa wajen 45 bayanta, lokacin da layin tiyata a asibitocin gwamnati ya yi tsawo. Tsoron jira ya dawo da mutanen da raguwar tallafi ba ta kora ba.

Duk da haka ba na tare da masu cewa a soke shi dare ɗaya. Lissafin masana ya fi ƙarfi a kan ragi kaɗan-kaɗan. Cire kusan rubu'in farashi lokaci guda zai iya korar matasa da yawa, zubi ya tashi, a koma halin shekarun 1990, kuma tsofaffi masu buƙatar tiyata ne za su faɗo kan layin gwamnati a tare. Asibitocin kuɗin ma ba a tsaye suke da ƙafafunsu sosai ba: Healthscope, kamfani na biyu mafi girma a fannin, bashi ya yi masa katutu, har masu bin sa suka naɗa waɗanda za su riƙe shi a Mayun 2025. Ga kuma wani ƙulli na tsarin mulki. Tarayya ce ke biyan tallafin, jihohi ne ke gudanar da asibitocin gwamnati. In tarayya ta tsimi kuɗin ta sa a wani abu daban, jihohi ne za su kwana a ciki.

Inda zan fara, da ni ne, shi ne wuraren da hujjar rage cunkoso ba ta taɓa su ko kaɗan: tallafin ƙananan hidimomi, da na inshorar da ba ta iya kai mai ita asibitin kuɗi. Abin da aka samu a ɗaure shi da doka ya tafi ga tiyatar waɗanda suka fi daɗewa a layi, ko a asibitin gwamnati, ko a saya musu aikin kai tsaye a asibitin kuɗi a kan farashin da aka yi ciniki. Jihohi sun saba yin irin wannan kwangila, kuma a ƙarshen Maris na 2020, da korona ta taso, tarayya ta ƙulla yarjejeniya da asibitocin kuɗi na ƙasar baki ɗaya, aka buɗe gadajensu da ma'aikatansu ga majinyatan gwamnati.